Na'urar Baki Mai Hana Minshari: Wa Take Yi wa Magani, Wa Kuma Take Rufe wa Ciwo?

Mai minshari shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Shi yana barcinsa, wanda ke kwance kusa da shi ne ke kwana ido biyu, kuma shi ne ke lura da abin da ya fi ƙarar kanta muhimmanci. Ƙarar takan yi ta hauhawa, sai kuma ta ɗauke ɗif. Ƙirji na motsi, ciki na motsi, amma iska ba ta shiga. Can sai mutum ya zabura da gurnani, ya ja numfashi da ƙarfi, ya gyara kwanciya, minshari ya dawo sabo. Da safe in an gaya masa, sai ya rantse lafiya lau ya kwana. Wannan shirun na tsakiya shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci. Duk wanda zai yi maganar na'urar da ake sawa a baki don hana minshari, wajibi ne ya fara raba ƙarar da shirun, domin na'urar tana iya kashe ɗaya ta bar ɗaya.

Tushen matsalar yana bayan harshe. Hanci yana da ƙashi, bututun iska da ke gangarawa huhu yana da zobba na guringuntsi, amma tsakaninsu akwai wani yanki na maƙogwaro da babu abin da ke riƙe shi a buɗe sai tsoka. Muddin mutum yana farke, tsokokin suna kan aikinsu. Da barci ya yi nauyi sai su saki, harshe ya koma baya, musamman ga mai kwanciyar rigingine, ɓangaren ganɗa mai laushi da belu su sauko. Hanya ta ƙuntata, iska ta riƙa wucewa da ƙyar tana kaɗa naman wurin, kuma wannan kaɗawar ce kunne ke ji. In ƙuncin ya ƙaru, zuƙar numfashin ita kanta ce ke haɗe bangon maƙogwaron, kamar yadda tiyo mai laushi ke mannewa in an zuƙe shi da ƙarfi.

Likitocin barci ba sa ƙirga tsayawar numfashi sai ta kai daƙiƙa 10. Suna haɗawa da lokutan da numfashin ya ragu sosai har iskar oksijin ta faɗi a jini ko barci ya katse, sai su duba sau nawa hakan ke faruwa a kowace awa. Daga 5 zuwa ƙasa da 15 ciwo ne mai sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Wanda yake da 30, duk bayan minti biyu numfashinsa na tsayawa ko raguwa, daren duka. A kowane karo ƙwaƙwalwa takan tashe shi na 'yan daƙiƙu waɗanda ba zai tuna ba, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Daga nan ake samun ciwon kai da safe, bushewar baki, yawan tashi fitsari, gyangyaɗi da rana, mantuwa da saurin fushi. Ciwon yana tafiya tare da hawan jinin da ke ƙin jin magani, rikicewar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da haɗarin mota. Wani ƙiyasi da aka wallafa a mujallar Lancet Respiratory Medicine a 2019 ya nuna kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya, miliyan 425 daga cikinsu matsakaici ko mai tsanani.

Maganin da aka fi sani shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya bayyana a birnin Sidni na Ostireliya a 1981. Inji ne ƙarami da ke hura iska ta tiyo zuwa takunkumin da aka ɗaura a hanci, ƙarfin iskar ya tokare maƙogwaro ya hana shi rufewa. In ana maganar buɗe hanyar iska, babu na biyunta. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mutane da yawa ba sa iya kwana da ita: takunkumi na matsa fuska, iska na zuba ta gefe, hanci na bushewa, ga buƙatar wutar lantarki, ga ɗawainiyar ɗauka in za a yi tafiya. A babban gwajin da aka yi wa laƙabi da SAVE, wanda aka wallafa a 2016 kan masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sama da 2,700, matsakaicin lokacin da suka sa CPAP bai wuce awa 3.3 a dare ba, kuma ba a ga raguwar ciwon zuciya na farat ɗaya ko shanyewar jiki ba. Wannan giɓin ne ya buɗe wa na'urar baki ƙofa.

Hikimarta tana da sauƙi, kuma kowa na iya gwadawa a jikinsa yanzu. Ka kwanta rigingine, ka saki baki, ka yi minshari da gangan. Sannan ka turo muƙamuƙin ƙasa gaba har haƙoran ƙasa su wuce na sama, ka sake gwadawa. Za ka ji ƙarar ta yi wuyar fita, iska kuma tana wucewa sumul. Dalili shi ne babbar tsokar harshe a cikin ƙashin haɓa take kafe, don haka duk inda muƙamuƙi ya je, harshe na biye da shi. Masu sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata sun daɗe da sanin haka, da hannu suke turo muƙamuƙi gaba in hanyar iska ta toshe. Likitan baki ɗan Faransa Pierre Robin ya yi amfani da wannan tunani tun farkon ƙarni na 20 ga yaran da ke da ƙaramin muƙamuƙi wanda harshe ke toshe musu numfashi. A 1982 Rosalind Cartwright da Charles Samelson a Amurka suka bayyana wata na'ura ta daban mai zuƙe harshe ta riƙe shi a gaba. Har yanzu ana amfani da irinta, galibi ga marasa haƙora, sai dai mutane ba su cika jure mata ba. Wadda ta mamaye fagen ita ce mai turo muƙamuƙi: faranti biyu na roba mai ƙarfi, ɗaya ya rufe haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, an haɗa su ta yadda na ƙasa ba zai koma baya ba.

Akwai wani abu da hotunan cikin jiki suka nuna wanda ya ba ni sha'awa. Mutum zai zaci tunda gaba aka ja muƙamuƙi, hanyar za ta faɗaɗa ne daga gaba zuwa baya. Ashe mafi yawan faɗin da ake samu ta gefe da gefe ne, a daidai bayan ganɗa, saboda naman da ya haɗa muƙamuƙi da bangon maƙogwaro yana miƙewa ya ɗame. Ke nan na'urar ba harshe kaɗai take kawarwa ba, tana kuma ƙara wa bangon tauri.

Na'urorin ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Akwai wadda ake saya kai tsaye, a tsoma a ruwan zafi ta yi laushi, a ciza ta ɗauki shatin haƙora. Akwai wadda likitan haƙori ke aunawa a ƙera wa mutum shi kaɗai, kuma mafi kyau a cikinsu ita ce wadda ake iya ƙara mata turi kaɗan-kaɗan. A 2008 masu bincike a Antwerp ta ƙasar Beljiyam suka gwada iri biyun a kan mutane ɗaya. Wadda aka ƙera ta rage ɗaukewar numfashi, ta ruwan zafi kuwa ba ta taɓuka abin kirki ba, kuma da yawa takan fita daga bakinsu cikin dare. Abin da ya fi wannan muhimmanci: gazawar ta ruwan zafi ba ta nuna cewa wadda aka ƙera ma za ta gaza. Saboda haka wanda ya ce zai fara gwada mai arha ya gani ko hanyar za ta yi masa, gwajin nasa ba zai gaya masa komai ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar tare da takwararta ta likitocin haƙori a 2015 ta tsaya ne a kan wadda aka ƙera kuma ake iya daidaitawa, a hannun ƙwararren likitan haƙori, bayan likitan barci ya tabbatar da ciwon.

Yadda ake yin aikin kuwa, da farko likitan haƙori zai duba bakin sosai. Yana son ganin haƙora masu ƙwari kamar 8 zuwa 10 a kowane muƙamuƙi, domin su ne za su ɗauki nauyin turin har gari ya waye. Zai duba dasashi ko yana jini ko haƙora na girgiɗa. Zai ɗora yatsu a gaban kunnuwa ya ce a buɗe baki a rufe, yana jin ko gaɓar muƙamuƙi na ƙara ko ciwo. Zai sa ƙaramin ma'auni tsakanin haƙora ya ce a turo muƙamuƙi gaba iyakar iyawa, sannan a mai da shi baya iyakar iyawa, ya rubuta tazarar da milimita. Wanda muƙamuƙinsa ba ya iya zuwa gaba kamar milimita 5, da wuya na'urar ta amfane shi. Daga nan sai a ɗauki shatin haƙora, ko da abin cizawa mai laushi ko da kyamarar cikin baki. In na'urar ta fito, ba a fara ta a ƙarshen turi, akan fara ne daga rabi zuwa kashi 70 cikin ɗari na iyakar da mutum zai iya. Sai a riƙa ƙarawa, milimita ɗaya ko ƙasa da haka, ta hanyar murɗa ɗan ƙaramin noti ko sauya madauri, ana jira kwanaki tsakani don gaɓa da tsoka su saba. Wannan daidaitawa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Mai gaggawa yakan tura da yawa ya tashi da ciwon muƙamuƙi ya jefar da na'urar, mai tsoro kuma ya tsaya a inda ba ta isa ta buɗe hanya ba.

To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Ga minshari zalla wanda ba ya tare da ɗaukewar numfashi, e, yawanci ƙarar takan ragu sosai. Ga ɗaukewar numfashi kuwa, amsar ta kasu. A taƙaice, kusan biyu cikin uku suna samun raguwa ta rabi ko fiye, wasu daga cikinsu ma lissafinsu ya koma na mai lafiya, amma kusan ɗaya cikin uku ba sa samun amfanin a zo a gani. CPAP ta fi ta a wannan ma'auni, babu gardama.

Sai dai ma'aunin ba shi kaɗai ba ne. Bari mu yi lissafi na misali. Mutum yana da 30 a awa, yana barcin awa 8. CPAP ta sauke shi zuwa 3, amma bayan awa 4 ya cire takunkumi. Awa huɗun farko numfashinsa ya katse sau 12, awa huɗun ƙarshe sau 120, jimla 132. Wani mai irin ciwonsa ya sa na'urar baki, ta sauke shi zuwa 12 kawai, amma ta kwana a bakinsa har safe: jimla 96. Ga shi kuma barcin mafarki, wanda tsoka ta fi saki a cikinsa, ya fi yawa a ƙarshen dare, daidai lokacin da na farko ya ajiye takunkuminsa. Gwaje-gwaje na gaske sun nuna wani abu mai kama da haka. A wanda aka yi a Sidni aka wallafa a 2013, mutane sun yi wata guda da kowace na'ura. CPAP ta sauke lissafin zuwa ƙasa da 5, na'urar baki zuwa wajen 11, amma bisa abin da suka faɗa sun fi sa na'urar baki da sama da awa guda a kowane dare, kuma sakamakon hawan jini da gyangyaɗi ya zo kusan ɗaya. A 2024 wani gwaji a Singapo kan mutum 220 masu hawan jini da ɗaukewar numfashi matsakaici ko mai tsanani ya nuna cewa bayan wata 6 na'urar baki ba ta gaza CPAP wajen sauke jini ba. Waɗannan gwaje-gwaje na watanni ne, abin da suka auna kuma jini ne da barci, don haka bai kamata a ɗora musu nauyin da ya fi haka ba. Amma sun isa su rushe tunanin cewa na'urar baki maganin masu ƙaramin ciwo ce kawai ko ta waɗanda suka kasa.

A ganina, wanda yake da ciwo mai tsanani, oksijin ɗinsa na faɗuwa ƙasa sosai, ko yana da ciwon zuciya ko huhu, ko barci na sace shi yana tuƙi, ya fara da CPAP, kuma a taimaka masa ya jure mata, a sauya masa takunkumi, a gyara ƙarfin iskar. In duk da haka ta gagara, na'urar baki ta fi zama ba magani nesa ba kusa ba. Mai ciwo mai sauƙi ko matsakaici kuwa, yana da 'yancin zaɓa tun farko. Ta fi yin aiki ga marasa ƙiba sosai, masu siririn wuya, masu ƙarancin shekaru, mata, da waɗanda ciwonsu ya fi tashi in sun kwanta rigingine. Amma waɗannan alamu ne kawai, ana samun mai ƙiba da ta yi wa aiki, ana samun siriri da ta ƙi. Akwai kuma wani nau'in ɗaukewar numfashi da ba toshewa ke kawo shi ba, ƙwaƙwalwa ce ke daina aika umarnin numfashi, kamar yadda ake gani a wasu masu gazawar zuciya ko masu shan magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Shi wannan, turo muƙamuƙi ba ya yi masa komai. Yara ma ba sa cikin wannan lissafi: minsharinsu yawanci daga kumburin 'yan wuya da naman bayan hanci yake, kuma muƙamuƙinsu na kan girma.

Abin da ya fi damuna a duk wannan magana shi ne mutumin da na'urar ta kashe masa ƙara ta bar masa ciwo. Hana nama kaɗawa ya fi sauƙi a kan hana maƙogwaro rufewa. Turi kaɗan na iya isa ya sa ɗaki ya yi tsit, alhali numfashi na ci gaba da katsewa sau ashirin a awa. Abokin kwana ya samu barci, mai ciwo ya ɗauka ya warke, ƙararrawar da ke gargaɗi kuma an cire ta. An gudu ba a tsira ba ke nan. Jin daɗin jiki ma ba shaida ba ne, domin wanda ya shekara goma yana barci marar daɗi, ɗan sauƙi kaɗan sai ya ji kamar an sake haihuwarsa. Shi ya sa gwajin barci yake zuwa sau biyu. Na farko kafin a ƙera na'ura, don a san ko minshari ne kawai ko akwai ɗaukewar numfashi, da kuma tsananinsa. Na biyu bayan an gama daidaitawa, mutum ya kwana da na'urar a baki ana auna iskar hancinsa, motsin ƙirjinsa da oksijin ta yatsa. Ana iya yin sa a ɗakin gwaji na asibiti, ana iya yi a gida da ƙaramar na'ura. Wannan gwaji na biyu shi aka fi tsallakewa, kuma shi kaɗai ne ke nuna ko an yi magani. Likitan haƙori yana ƙera na'ura yana kula da baki, amma tabbatar da ciwo da tabbatar da warkewa aikin likitan barci ne, dole su biyun su riƙa musayar bayani.

Sai batun illa, wanda ya kamata a faɗa wa mutum tun kafin ya amince. A makonnin farko akwai yawan yawu ko bushewar baki, tsamin haƙora, da gajiyar muƙamuƙi. Yawanci suna wucewa. Da safe in an cire na'urar, mutum zai ji turamen haƙoransa ba sa haɗuwa, na gaba ne ke fara taɓa juna, in ya tauna abu sai ya ji baƙon baki. Cikin minti kaɗan zuwa awa guda yakan koma daidai, kuma likitoci kan ba da ɗan abin cizawa na safe ko su koyar da motsa muƙamuƙi don a mai da shi mazauninsa. Wanda ciwon gaɓa ya ƙi lafawa, sai a rage turi na ɗan lokaci.

Illar da ba ta wucewa ita ce matsawar haƙora. Muƙamuƙi na son komawa baya, na'ura na hana shi, ƙarfin wannan ja-in-ja kuma a kan haƙora yake sauka kowane dare. Sannu a hankali haƙoran gaba na sama suna karkata ciki, na ƙasa suna karkata waje. Wani bincike a Kanada da aka wallafa a 2014 ya bi mutane na kimanin shekara 11, ya ga tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa ta ragu da kusan milimita 2, kuma sauyin bai tsaya a wata shekara ba, ci gaba ya yi ta yi. Yawancin masu na'urar ba sa ma lura, ga wanda haƙoransa na sama suka fito gaba tun asali sauyin na iya zama gyara. Ga wasu kuma yana buɗe giɓi tsakanin turame har abinci ya riƙa maƙalewa. Ni dai ina ganin milimita biyu a haƙori ba ta kai nauyin numfashin da ke katsewa kowane dare ba, amma mai bakin ne ya kamata ya yanke wannan hukunci da saninsa, kuma a ajiye shatin haƙoransa na farko don a riƙa kwatantawa. Ganin likitan haƙori duk wata 6 a shekarar farko, sannan sau ɗaya a shekara, shi ne abin da aka saba.

Na'urar ba ta warkar da ciwon, tana riƙe shi ne a daren da aka sa ta, in aka bar ta ya dawo. Ita ma tana tsufa, roba takan saki ko ta tsage bayan 'yan shekaru, musamman ga mai cizon haƙora cikin barci. Ana wanke ta da buroshi mai laushi da ruwan sanyi, ruwan zafi na lanƙwasa ta, kuma a goge haƙora kafin a sa ta. Sauran abubuwan da ke ƙara ciwon suna nan yadda suke: ƙiba, barasa da dare, magungunan sa barci, taba, toshewar hanci, da kwanciyar rigingine. Rage nauyi na iya mai da wanda na'urar ta yi wa rabin aiki ya zama ta yi masa cikakke, haka ma kwanciya ta gefe. Wasu kan haɗa ta da CPAP don a rage ƙarfin iskar da ake hura musu, wasu kuma CPAP a gida, na'urar baki a tafiya. Kuma sakamakon gwajin da aka yi yau ba na har abada ba ne. In nauyi ya ƙaru sosai, ko an cire haƙori ko an sa na roba, ko minshari ya dawo, ko ciwon kan safe da gyangyaɗi sun sake kunno kai, ko jini ya fara ƙin sauka, lokacin komawa a sake auna barci da na'urar a baki ya yi.